SABON LAYIN ALHAJI

Shafi na 11

Masu zagin Mahfuzu a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonninku. Kada ku ƙarar da shi duka. Yau ma za ku buƙata.

*

Hanan ta same shi durƙushe gaban sif, hannunsa cikin aljihun babbar rigar da ba ya sawa sai ranar Idi.

Mutumin da ya ce mata da asuba ya tafi Bibémi lodin albasa, ga shi a ɗakinsa na Roumdé Adjia da tsakar rana, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana cusa damin kuɗi cikin baƙar leda.

"Baban Sharifa."

Bai juyo ba.

"Bibémi ce ta matso kusa? Ban ji an sanar ba."

"Mantuwa na yi."

"Mantuwar miliyan biyu."

Ya ƙulle bakin ledar. Kuɗin albasar bana ke nan gaba ɗaya. Rabi nasa, rabi na Patrice, abokin cinikinsa mai babbar mota. Da su za a sayi kaya wurin manoma a kai Kudu. In babu su, babu albasa, babu Kudu, kuma babu Patrice.

Hanan ta mayar da ƙofa, ta murza makulli, ta zare shi ta ɗaure a bakin zaninta.

"Buɗe mini ƙofa."

"Ina za ka da su?"

"Na ce ki buɗe."

"Cacar ƙwallo ka fara?"

"A'uzubillahi! Ni?"

"To wa ke binka?"

"Babu."

"Wa ka kashe?"

"Hanan, ba wasa nake ba. Lokaci na tafiya."

"Ni ma ba wasa nake ba. Satin nan duka kana cin tuwo kamar ana ɗura maka magani. Waya ta yi ƙara, ka shiga banɗaki da ita. Jiya ka yi sallama da ni sau biyu a ƙofa ɗaya. Yau kuma ga ka da leda."

Ya share fuska da hannun riga.

"Amana ce."

"Ta wa?"

"Ta babban mutum. Ba zan iya faɗa ba."

A daidai nan wayarsa ta yi ƙugi a kan gado. Su biyun suka kai hannu. Ita ta fi kusa.

Hoton mahaifinta ne a fuskar wayar. Alhaji Hashim mai atamfa, da farar hula, hoton da aka ɗauka ranar da ya dawo daga Makka. A ƙarƙashinsa lambar da ba ta taɓa gani ba, da sunan da mijinta ya ba ta da manyan baƙaƙe: ALHAJI SABON LAYI.

Ta ɗago ido.

"Baba?"

Mahfuzu ya zauna a bakin gado.

"Shi ke nan. Kin sa na ci amana."

Kafin mu ci gaba, sai an fahimci wani abu, in ba haka ba za a ɗauka Mahfuzu wawa ne. Ba wawa ba ne. Ya yi jami'a, yana lissafin buhu ɗari huɗu da ka, kuma bai taɓa sayen agogo a hannun mai yawo ba. Abin da ke damunsa tarbiyya ce.

Duk shekarun aurensu, in aka tara maganar da ta shiga tsakaninsa da surukinsa, ba za ta cika kofin shayi ba. Ina kwana, Baba. Lafiya, Malam Mahfuzu, ya iyali. Lafiya lau. Sai kowa ya kalli ƙasa har Allah ya kawo wanda zai raba su. Mahfuzu ya fi sanin takalman Alhaji a kan fuskarsa. In ya hango shi a kasuwa, sai ya faɗa layin masu kifi ya ɓace. Dattawan unguwa kuwa har misali suke yi da shi: yaron nan akwai kunya.

Hanan ta ja saƙonnin zuwa na farko, ta karanta a fili.

*Malam Mahfuzu, ni ne Alhaji. Wannan sabon layina ne. 'Yan duwan, ma'aikatan kwastan, sun kama mini kaya a hanyar Kaélé. Tsohon layin yana hannunsu, kada ka kira shi. Na duba duk dangi ban ga wanda zan buɗe wa cikina ba sai kai. Ka rufa mini asiri. Kada Ramatu ta sani.*

Ta tsaya a nan. Ta sake karanta layin ƙarshe, wannan karon a hankali.

"Kin gani?" in ji Mahfuzu. "Ramatu. Wa ya san wannan sunan a Garoua? Maƙwabta ma Hanan suka sani. Da na ga haka na tabbata shi ne."

"Da ka ga haka ka tabbata."

"Ƙwarai."

"Baban Sharifa, sunan wa ne Ramatu?"

"Naki."

"Kafin ni."



"Na kakarki."

"Uwar wa?"

Ya kau da kai.

"Na ce uwar wa?"

"Uwar Alhaji."

"Ka taɓa jin sunan nan ya fito daga bakinsa? Ko sau ɗaya? Tun ranar da aka yanka mini rago Mamana yake ce mini. Don shi aka nemo mini Hanan. Akwai wata mai kawo masa kunu a shago, Ramatu sunanta, shekara da shekaru baiwar Allah yake ce mata. Shi ne zai zauna ya rubuta maka sunan uwarsa gatsau, kamar mai kiran 'yar aji?"

"A rubuce ne. Ba a baki ba."

"Ah. A rubuce uwa ba uwa ba ce."

"Mutum in yana cikin tashin hankali…"

"In yana cikin tashin hankali ya fi tuna uwarsa. Kana tambaya wa ya san sunan? Duk wanda ya taɓa tura mini sefa ɗari biyar ta waya. Sunan ne ke fito masa kafin ya danna. Ramatou Hachimou. Lambata tana kan kowane hoton turaren wuta da nake tallatawa. Har mutanen Douala sun san ni da Ramatu, kai ne kake ganin sirri ne."

Mahfuzu ya miƙe ya karɓe wayar.

"To saurari wannan. Ki ce mini wannan ma ba shi ba ne."

Ya danna saƙon murya. Aka ji tari. Aka ji iska. Sannan wata murya can ƙasa, a dishe: *Malam Mahfuzu… Allah ya yi maka albarka… ka yi hanzari…* Sai wani tarin.

"Wannan tari ne," in ji Hanan.

"Muryarsa ce."

"Yaya muryarsa take?"

Ya sake kallon wayar.

"Faɗa mini. In Baba ya yi dariya, yaya take? In ya yi fushi fa? Kai da ka sani."

Bai sani ba. Abin da ya sani na muryar Alhaji Hashim kalma biyar ce, kuma kullum yana jin su ne kansa a sunkuye, zuciyarsa na addu'ar a gama.

"Nawa ka tura?"

"Hanan…"

"Nawa?"

"Na farko dubu ɗari uku. Don a saki rabin kayan."

"An saki?"

"Shef ɗinsu, shugaban, ya canza."

"Allah sarki. Na biyu?"

"Ɗari biyar."

Ta dafa sif. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Da ka zo turawa, sunan wa ya fito?"

"Na farko wani Shu'aibu. Ya ce direbansa ne."

"Baba ba shi da direba. Kai ma ka sani, a bayan moto, ɗan acaɓa, yake yawo. Na biyu?"

"Joséphine."

"Ita kuma wace ce? Ƙanwarsa?"

"Sakatariyar shef."

"Sabon ko tsohon?"

Wayar ta sake ƙara a hannunsa. Wannan karon kira ne, kuma sunan Patrice ne. Mahfuzu ya kalle shi kamar maciji. Hanan ta miƙa yatsa ta amsa masa.

"Patron! Kana ina?" Muryar Patrice ta cika ɗakin, da kukan awaki a bayanta. "Tun safe ina Bibémi. Manoma sun zauna kan buhunansu suna kallona kamar na saci akuyar maigari."

"Ina hanya, Patrice."

"Wace hanya? Ni ban ji iska ba. Wallahi patron, mutanen Maroua sun iso da kuɗi a hannu. Tsohon nan da ya yi mana alkawari ya ce in rana ta karkata zai sayar musu. Na ba shi goro, na ba shi taba, saura rigata."

"Ka riƙe shi. Ina zuwa."

"Ka zo da kuɗin dai. Kai ko ba ka zo ba, ba komai." Ya yi dariya. "Rabin nan nawa, madam ɗina Pélagie ce ta ɗauko a tontin ɗinsu, adashen mata. In ya yi ciwon kai, gidanka zan dawo da kwana. Gai da madam!"

Ya kashe.

Kafin wayar ta yi duhu, sabon saƙo ya shigo daga ALHAJI SABON LAYI.

*Malam Mahfuzu ina jiranka. Sun ce kafin la'asar. In ba haka ba za su wuce da ni Maroua, sunana ya shiga takarda. Ka tuna furfurata.*

Mahfuzu ya rarumi ledar kuɗin.

"Kin ji? Za su wuce da shi. Dattijo kamar Alhaji, a bayan mota, mutane na kallo. Ki ba ni makulli."

"Kira shi da bidiyo."

"Me?"

"Sabon layin. Mu ga furfurar."

Ba ta jira ba, ta danna. Ya yi ƙara sau biyu aka katse. Saƙo ya biyo baya tun kafin su numfasa.

*Ba dama. Suna kusa da ni.*

"Yana da damar rubutu," in ji Hanan. "Baba da sai na karanta masa saƙo in ya manta tabarau. Yau ya fi Sharifa saurin yatsa."

"To in shi ne fa?" Mahfuzu ya ɗaga murya, karo na farko. "In shi ne? Ke kina da tabbas? Mutum ya sauke girmansa, ya zo wurina, ni surukinsa, ya ce ba shi da kowa sai ni. Kin san nauyin wannan maganar a bakin mutum irinsa? In bar shi a hannun 'yan duwan don ya rubuta suna ba daidai ba?"

Ga gaskiyar da bai faɗa ba: ranar da saƙon farko ya shigo, kafin tsoro, daɗi ya ji. Alhaji yana da 'ya'ya maza uku da ƙanne masu shaguna, amma shi aka zaɓa. Ya kwana yana jin kansa mutum. Wanda ya rubuta saƙon, ko wane ne, ya san inda ake taɓa namiji.

"Abu ne mai sauƙi," in ji Hanan. "Kira tsohon layin."

"Ya ce kada a kira."

"Wa ya ce?"

"Shi."

"Wane shi? Wanda muke son mu gane ko shi ne? Shi ya ce kada ka bincika, kai kuma ka ce to?"

"Yana hannun 'yan duwan."

"Ranar Juma'a na yi magana da shi a kansa. Shi ya ɗauka. Ya tambayi Sharifa, ya tambayi zafi, sannan ya yi ta tambayarka. Kana cin abinci? Kana barci? Har na ce yau me ya sami Baba."

"Wataƙila sun ba shi ya amsa na iyali. Don kada a gane."

Ta harare shi.

"Kai fa da su ya kamata ka yi aiki. Ka fi su iya shirya ƙaryar."

"Ni in kira Alhaji? In ce masa me? Baba, da gaske ne kana roƙona kuɗi? Haka zan ce? In gaskiya ne, na tozarta shi. Ba zai sake iya kallona ba har ya mutu."

"Da ma yana kallonka?"

"Hanan!"

"To ni in kira."

"Ke ce ma aka ce kada ki sani!"

"Shi ya sa aka ce." Ta matso har yana jin ƙamshin hayaƙin turare a mayafinta. Muryarta ta sauka. "Saurara. Wanda ya ce maka yi sauri, kada ka kira, kada matarka ta ji, abu uku ya roƙe ka kuma duka ukun don kada ka tambaya ne. Ba zan ba ka makullin nan ba. Ka fasa ƙofar in kana so, maƙwabta su zo su ji dalili. Ko ka kira. In Baba ya ce shi ne, ni da kaina zan raka ka kiyos ɗin tura kuɗi, in ƙara da 'yan kunnena."

Daga masallacin unguwa aka fara gwada lasifika. Fuu. Fuu. Ladan yana shirin azahar. Tsakaninta da la'asar ba nisa.

Lambar Alhaji tana cikin wayar Mahfuzu tun kafin aure. Ta bi shi waya huɗu. Sabuwa fil, ba a taɓa danna ta ba.

Hanan ta nemo ta, ta danna, ta buɗe murya yadda za su ji tare, ta ɗora masa a tafin hannu.

Ƙara ta farko, ya laluba hularsa a kan gado ya sa.

Ta biyu, ya zare takalmi.

Ta uku, ya durƙusa a kan ledar ƙasa, gaban waya, a ɗakinsa, kansa a ƙasa.

"Salamu alaikum."

Muryar a sake take, mai kauri, babu tari ko ɗaya. A bayanta hayaniya ce: motoci, masu talla, da wata mace tana ƙirga wani abu da Faransanci.

"Wa alaikumus salam, Baba. Barka da rana."

"A'a! Malam Mahfuzu?"

"Ni ne, Baba. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

"Ya mutuniyata Sharifa?"

"Tana makaranta."

"Madalla. Ya haƙuri kuma?"

"Da godiya."

Hanan ta ɗaga hannu biyu sama. Da gidan na cin wuta, sai sun kai ƙarshen gaisuwar nan kafin wani ya ambaci ruwa. Ta zungure shi da ƙafa.

"Baba, da ma… na ce… kana Kaélé?"

"Kaélé? Ai na dawo tun shekaranjiya. Saboda maganarka na katse tafiyar."

Mahfuzu ya ɗago kai.

"Kayan fa, Baba?"

"Wane kaya? Atamfa? Na sayar da abin da ya sayu, saura na shago." Alhaji ya rage murya. "Kai dai alhamdulillahi. Ashe sun maido maka da wayar."

"Wace waya?"

"Wannan mana. Da jandarmomin suka riƙe. Kana kai kaɗai? Mamana ba ta kusa?"

Hanan ta toshe bakinta da hannu. Mahfuzu ya dube ta, ya dubi wayar. Tarbiyya ta amsa kafin hankali ya iso.

"Ba ta kusa, Baba."

"Yauwa. Yaya yaron? Ya farfaɗo?"

"Wane yaro?"

"Malam Mahfuzu, ka daina jin nauyina. Na gaya maka tun ranar farko, wannan tsakanina da kai ne. Hatsari ba a sa masa rana. Motar albasa ta buge yaro, ba kai ne farau ba. Abin da ba zan yarda ba shi ne uban jikata ya kwana a kurkuku ina da rai. Na biyun da na tura ka ce iyayen sun raina. To na yi tunani. Filin nan nawa na hanyar Pitoa, na sayar wa Alhaji Hassan da safen nan."

"Baba…"

"Ya danne ni a farashi, ya ga ina sauri. Ba komai. Ƙasa ce. Miliyan uku da rabi, ga su nan gaban yarinyar kiyos, ta kusa gama ƙirgawa. Ta ce sai ta raba su kashi-kashi. Lambar da za a zuba kawai nake jira, ka ce za ka kira ka ba ni ta lauyan."

"Baba!" Hanan ta fizge wayar. "Baba, kada ka ba da ko sisi! Ba shi ba ne! Babu wani yaro!"

Wata moto ta wuce ta can da ƙarar da ta cinye rabin maganarta.

"Mamana?" Muryar Alhaji ta canza. Ba tsoro ba ne. Kunya ce, ta mutumin da aka kama yana rufa wa wani asiri. "Subhanallahi. Malam Mahfuzu, ai kai ka ce kada ta ji."

"Baba ka saurare ni! Wane kiyos kake? Gaban wane shago?"

"Kwantar da hankalinki. An riga an gama, yau za a kashe maganar. Ba shi wayar, wannan ta maza ce."

"Baba, ɓarayi ne! Shi ma sun…"

"Me? Ba na jin ki, kasuwa ta cika. Layin nan ma yana yankewa."

Can aka ji macen ta buga tebur. "Papa, c'est bon. Kawo lamba."

Sai wani ɗan sauti a cikin wayar. Tit. Tit.

"Yauwa," in ji Alhaji, da muryar wanda aka sauke wa kaya. "Ga Malam Mahfuzun nan ma yana kirana ta sabon layin nasa. Wancan ya fi fita. Bari in ɗauka."

Kit.

Hanan ta sake dannawa.

Wata mace ta amsa da Faransanci mai sanyi, cikin ladabi, ta ce wanda ake nema yana kan wani kiran.